Abu Salama Ya Ba Ɗaki Baya

A shekarar da na gama karatun ɗaukar hoton asibiti, an tura ni aikin gwaji na shekara ɗaya a wata cibiyar hoto da ke unguwar Zahir a Makka. Ina zaune da iyayena a Kudai a lokacin, a gidan hayar da muka koma bayan an rushe layinmu na Nakkasa. Aikina yana kan na'urar nan mai kama da bakin rami, wadda ake tura mutum ciki a kwance ta ɗauki hoton cikin jikinsa da maganaɗisu. A wurin aiki ranin muke ce mata. Wata goma na yi ina kwantar da mutane, ina tambayarsu ko akwai ƙarfe a jikinsu, ina sake tambaya, wani lokaci har sau uku. Ba na yarda da amsar farko, ko da ni na bayar da ita.

Saura wata biyu in gama, shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Ya ce wata Daktora daga Jidda, mai binciken dabbobin teku, ta nemi aron na'urar ranar Juma'a da safe, lokacin da babu majiyyata. Maza duk za su tafi masallaci, ni kuwa babu Juma'a a kaina, don haka ni zan zauna da ita. Ya ƙara da cewa takardar da za ta rubuta a kaina za ta shiga fayil ɗina, kuma da ita za a duba ko za a riƙe ni bayan gwaji. Bai faɗa da wata manufa ba, ina jin. Amma daga ranar na kasa cin abincin rana yadda na saba.

Ta zo da wata farar roba zagayayya mai murfi, irin wadda ake sayar da zaitun a ciki, ta rungumo ta da hannu biyu. A ciki akwai ƙwaƙwalwar dolfin. Ni haifaffiyar Makka ce, teku bai fi tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci daga gidanmu ba, amma sau biyu kawai na taɓa ganinsa, dolfin kuwa sai a waya. Daktora ta ce in cire kifi daga raina: dabba ce mai shaƙar iska, tana haihuwa, tana shayarwa. Masunta ne suka tsinci wannan a mace a gaɓa, kudu da Jidda. Da aka buɗe kansa an tarar da tsutsotsi a kogon kunnensa na dama. Abin da take son sani shi ne ko sun bi ta nan sun shiga ƙwaƙwalwa. Idan akwai tabo a ɓangaren dama, to maganarta ta tsaya. Idan a hagu yake, wani abu ne daban ya kashe shi.

Da ta buɗe murfin, warin ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa ya sa idona hawaye. Ƙwaƙwalwar tana zaune a ciki, an tokare ta da auduga ta ko'ina don kada ta motsa. Ta ɗan fi ta mutum girma, kuma faɗinta ya fi tsawonta, kamar an matse ta daga gaba da baya. Ninkin da ke jikinta ƙanana ne, masu yawan da ban taɓa gani ba. Na tsaya ina kallo ban gane gabanta ba, ban gane bayanta ba. Daktora ce ta nuna mini da yatsa: nan goshi, nan ƙeya, ga ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya a ƙasa. Na gyaɗa kai. Gaskiya ba gani na yi sosai ba, kunyar sake tambaya na ji.

Na'urar ba ta tashi sai an rubuta mata sunan majiyyaci. Na tambayi Daktora me zan sa. Ta yi dariya ta ce in sa sunan da masuntan Bahar Maliya ke kiransa da shi, Abu Salama, saboda sun ce in ya biyo jirgi to za a koma gida lafiya. Na rubuta a kwamfuta. Sannan, don kada robar ta ɓace cikin wasu kaya, na ɗauki baƙin alƙalami na rubuta shi da manyan baƙaƙen Larabci a kan murfin, na ja kibiya mai nuna inda goshi yake.

Akwai wata al'ada a aikinmu. Hoto in ya bi daga kwamfuta zuwa kwamfuta yana iya juyewa kamar a madubi, dama ta koma hagu ba wanda ya sani. Don haka ake manna ƙwayar mai a gefen dama kafin a fara, ta fito a hoto fara fat kamar tauraro. Ƙwayoyin da muke amfani da su sun ƙare ranar. A jakata akwai na man habbatus-sauda da mahaifiyata ke cusa mini saboda murar na'urar sanyaya ɗaki. Na ɗauko ɗaya. Jikin robar yana gumin sanyi, filasta ta ƙi kamawa, na goge na sake gwadawa ta sake faɗuwa. Murfin kuwa a bushe yake. Na manna ta a bakin murfin, gefen dama. A lokacin na ga dabara na yi.

Muka kifa mata kejin da ake kifawa a kan majiyyaci, na tura gadon ciki, muka fito muka rufe ƙofa.

Wanda bai taɓa zama kusa da ranin ba, ba zai san cewa ba ta yin shiru ba. Ko ba a aiki, akwai wani famfo a cikinta da ke kuka cik, cik, cik, kamar tsuntsu a keji, dare da rana. In an fara ɗauka sai ta koma bugu, kamar ana sassaƙa a ɗakin maƙwabta. A ranakun aiki hayaniyar mutane tana rufe wannan. Ranar Juma'a da hantsi kuwa babu kowa a ginin sai mu biyu da mai gadi a ƙasa, shi ma yana shirin tafiya masallaci.

Daktora mace ce mai son magana. Tana kallon allo tana ba ni labari. Ta ce dabbar nan da sauti take gani: tana jefa ƙara cikin ruwa, ƙarar ta bugi abu ta dawo mata da siffarsa. Ta nuna mini jijiyar ji, mai kauri ƙwarai, ta nuna inda sashen jin ƙamshi ya kamata ya kasance, babu shi sam. Sai ta faɗi abin da ya zauna mini. Ta ce dolfin ba ya barci gaba ɗaya. In ya yi zai nutse. Rabin ƙwaƙwalwarsa ke barci, ido ɗaya a rufe, ɗaya rabin yana farke yana kai shi sama ya shaƙi iska. In wannan ya huta sai su yi musanya. Ta faɗe shi tana ɓare dabino, kamar ba komai ba.

Hotunan suna fitowa sala-sala kamar yankan burodi, daga goshi zuwa ƙeya. Wajen tsakiya Daktora ta ajiye dabinon ta matso. Ga wani tabo mai duhu kamar ƙwayar wake, a zurfi. Can sama a gefe ɗaya da shi, ga tauraron habbatus-sauda yana haske. Dama. Ta buga tebur a hankali ta ce alhamdu lillahi. Amma akwai sauran ɗauka mai tsawo, ta bin hanyoyin jijiyoyi, wadda za ta ci sa'o'i, kuma lokacinmu ya ƙare. Aka tsayar da Juma'a mai zuwa. Ta ce tana da taro ranar, ba za ta zo ba. Ta ajiye mini tsarin a kwamfuta, abin da zan yi kawai in daidaita kibiya in danna. Juma'a ta uku za ta zo ta ɗauki robar, ranar Lahadi a yanka ƙwaƙwalwar don duba ta a madubin likita. Bayan yanka babu sauran hoto.

Na kai robar wani ƙaramin sito a ƙarshen baranda, inda akwai firij da ba a cika amfani da shi ba. Na ajiye ta rubutun yana kallon ƙofar firij, kibiyar tana nuno ni. Makullin siton biyu ne. Ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun mai shara.

Mai sharar tsohuwa ce da nake kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tana yarinya iyayenta suka zo da ita daga ƙasar Hausa ta hanyar Sudan, a Nakkasa ta girma ta tsufa, layi biyu tsakaninta da gidanmu na da. Ita ke wa matan unguwa wankan gawa, ita ta wanke kakata. Da ita kaɗai nake Hausa a wurin aiki. Kullum tana tsokanata cewa Hausata ta sha ruwan Larabci har ta yi salam, ni kuma in ce tata ta tsufa har ba a jin ta sai da tafinta. Ban gaya mata komai game da robar ba. Bai zo mini a rai ba.

Juma'a ta biyu na zo ni kaɗai. Titunan Zahir babu kowa, shaguna a rufe, rana ta kwanta a kan motocin da ke fake har ido ba ya iya kallonsu. Mai gadi ya buɗe mini ya ce in ya tafi masallaci zai kulle ƙofar waje, in ina bukatar wani abu in kira shi. Na ɗauko robar, na duba murfi: ga suna, ga kibiya, ga ƙwaya a inda na manna ta. Na daidaita kibiyar kamar wancan makon, na duba sau uku, na tura gadon.

Kafin doguwar ɗaukar, na maimaita gajeriyar ta makon jiya, don kawai in tabbatar komai yana wurinsa. Ba a ce in yi ba. Hali ne.

Da salar tsakiya ta fito, ga tauraron yana haske a inda yake. Tabon kuwa ba ya ƙarƙashinsa. Yana ɗaya gefen.

Na ɗauka idona ne. Na buɗe hoton makon jiya na jera su gefe da gefe. Girman tabon ɗaya, zurfinsa ɗaya, siffarsa ɗaya, sai dai wancan yana dama, wannan yana hagu. Ɓangaren da ke da duhu makon jiya yanzu tas yake. Na sake ɗauka. Minti shida na zauna ina jin bugun, hannuna a cinya. Ya sake fitowa a hagu.

Ba na so in ƙara wa abin gishiri. Na yi karatu, na san naman da ya yi makonni cikin magani ba ya yin komai. Amma abin da ya fara zuwa mini, kafin duk wani lissafi, maganar Daktora ce: in wannan ya huta sai su yi musanya. Na ɗaga kai na kalli ɗakin ta gilashi. Fitilar cikin ramin tana kunne, ana hango farin gindin robar. Bugun ya tsaya, saura cik, cik, cik. Daidai nan aka fara kiran salla, masallatan unguwa suna karɓa ɗaya bayan ɗaya, kuma na tuna cewa ƙofar waje a kulle take.

Na yi doguwar ɗaukar duk da haka, don an ce in yi. Sa'a uku. Ban tashi daga kujera ba, ban kuma juya wa gilashin baya ba, ban san dalili ba. Da na gama na rungumi robar zuwa sito, ruwan cikinta yana kai-komo a jikin cikina. Na san ruwa ne. Na ajiye ta na wanke hannu har gwiwa, ko da yake da safar hannu na ɗauka.

Makon nan ban gaya wa kowa ba. Mahaifiyata ta ce na rame, na ce mura ce, ta ƙara mini habbatus-sauda. Duk lokacin da majiyyata suka yi sauƙi sai in buɗe hotunan biyu. A kwamfutar akwai wani maɓalli da ke juya hoto, dama ta koma hagu. Dannawa ɗaya, hotunan Juma'a ta biyu za su yi daidai da na farko, in yanke gefen da tauraron yake, in miƙa wa Daktora abin da take so, ta rubuta mini takarda mai kyau. Na kai yatsa kansa fiye da sau ɗaya. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne, ko da yake ina fata yana ciki. Ban san wanne ne gaskiya ba. Watakila na farkon ne ya juye. In na gyara wanda yake daidai, za a rubuta a takardar bincike cewa tsutsa ta bi ta kunnen dama ta kashe shi, wasu su karanta su gina a kai, kuma da hannuna aka yi.

Ranar Laraba na daina kallon salar tsakiya, na bi hotunan tun daga na farko, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. A na makon farko, ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya tana fitowa ne a ƙarshe. A na mako na biyu, ita ce ta fara fitowa. Da na san dabbar da kyau da tun ranar na gani. Ashe tabon bai tashi daga wurinsa ba. Ƙwaƙwalwar ce gaba ɗayanta ta juya a ƙarƙashin murfin, goshi ya koma inda ƙeya take.

Na ɗauka wannan zai kwantar mini da hankali. Bai kwantar ba. Na ga yadda aka tokare ta da auduga. Ni na kai ta firij, ni na ɗauko ta, ban buɗe ba. Ranar na wuce ta gaban siton sau huɗu ban shiga ba.

Alhamis bayan la'asar, an sallami majiyyaci na ƙarshe, na ce ko me zai faru sai na buɗe robar na gani da idona, don gobe Daktora za ta zo. Na ɗauki safar hannu da takunkumi na bi baranda. Tun kafin in isa na ga ƙofar siton a ɗan buɗe, wani farin haske yana fitowa ta ƙasa. Kuma ana magana a ciki, ƙasa-ƙasa, ba tsayawa. Na tsaya. Ina jin na yi minti guda a wurin kafin kunnena ya tsinci kalmomin. Addu'ar da ake yi wa mamaci ce.

Gwaggo ce tsaye gaban buɗaɗɗen firij, tsintsiyarta jingine da bango, hannuwanta a sama. Ta shafa, ta juyo ta gan ni, ba ta ko razana ba.

"Yauwa, 'yar nan, da ma ke nake nema. Wannan bawan Allah, har yaushe za ku bar shi a nan?"

Na ce wane bawan Allah.

"Abu Salama mana. Ko kin ɗauka ban iya haɗa baƙi ba?" Ta nuna murfin da haɓa. "Ita Salamar tana ina? Ta san kan ubanta yana cikin firij kusa da ruwan allura?"

Na jingina da ƙofa. Na tambaye ta ko ta taɓa robar. Ta ce ta taɓa, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba, ba a tambaye ta ba ne. Ranar Asabar, washegarin da na fara ajiye robar, ta zo goge firij ta ga sunan mutum, ta buɗe, maganin ya kusa makantar da ita. Shekara nawa tana gyara kan rago bayan layya, ta san inda ƙullin ƙeya yake. Da ta duba sai ta ga an ajiye shi fuskarsa tana kallon ƙofa. Firij ɗin kuwa bayansa ne ke jingine da bangon alƙibla.

"A garin nan, a ce ɗan Adam ya mutu, a ajiye shi ya ba Ɗakin Allah baya? Na so in kwantar da shi a damansa, na ga ruwan zai zube. Na ce to ko fuskar ce a samu."

Ta juya robar gaba ɗaya. Sannan ta mayar da murfin yadda ta tarar da shi, rubutu yana kallon ƙofa, don kada likitoci su zo su rasa sunan.

Na yi mata bayani da duk Hausar da nake da ita. Na ce ba mutum ba ne, dabbar teku ce, sunan kuma masunta ne ke kiran irinsa duka da shi. Na nuna mata hoto a waya. Ta riƙe wayar nesa da ido ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ai kifi ne mai dariya. Na ce ba kifi ba ne, yana shaƙar iska, yana haihuwa, uwar tana ba ɗanta nono.

"To ai kin ga," in ji ta, ta miƙo mini wayar. "Yana da Salamarsa ke nan."

Na fara dariya, ita ma ta yi, ta ce karatun boko ya sa mun rasa abin ɗauka hoto sai kan kifi. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ta ɗauki tsintsiyarta za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Amma ki gaya wa mai mayar da shi ya bari. Sau biyu ina shan warin nan."

Na ce wane mai mayarwa. Ta ce ranar Asabar ta juya shi. Ranar Litinin ta zo yi masa addu'a, zuciyarta ba ta kwanta ba, ta ɗaga murfin ta leƙa, ta tarar ya koma yadda yake, fuska ga ƙofa. Ta sake juyawa. Ta ɗauka ni ce. Na ce ban buɗe firij ɗin ba tsakanin Juma'a da Juma'a. Ta kalle ni, na kalle ta. Firij ɗin ya tashi da gurnaninsa a tsakaninmu. Ta ce Allah Shi ne masani, ta tafi.

Na tsaya a barandar na kira Daktora kafin in samu lokacin canja ra'ayi. Na gaya mata cewa hotunan mako na biyu a juye suke, goshi a ƙeya, don an juya robar a firij, alamata kuma a murfi na sa ta, abin da ake cirewa a mayar. Na ce laifin alamar nawa ne, kuma ba zan iya sa hannu a kan dama ko hagu ba sai an sake. Ta tambayi wa ya juya. Na ce wani ne da ya ɗauka yana kyautatawa, kuma ni ce ban rubuta kada a taɓa ba. Sannan ta tambaya yaushe na gane. Na ce tabon tun Juma'a, juyawar ranar Laraba. Ta ce kwana shida na riƙe abin da ya kamata ta ji cikin minti shida. Gaskiya ta faɗa.

Ta zo da sassafe. Muka buɗe robar tare, ta nuna mini goshi da ƙeya, wannan karon na ce ta sake nunawa, ta sake, na ce ta bari in nuna da kaina. Ta ɗaure ƙwayar habbatus-sauda cikin ƙyallen bandeji ta cusa ta jikin ƙwaƙwalwar kanta, gefen dama, cikin ruwan. Muka maimaita komai tun daga farko. Ba ta ci dabino ba ranar, ba ta kuma ba ni labari ba. Da salar tsakiya ta fito, tauraron yana manne da naman, tabon yana ƙarƙashinsa. Dama ne, kamar yadda ta zata.

Takardar da ta rubuta gajeriya ce. Shugaban sashe ya karanta mini ita daga baya. Ta ce na yi kuskuren alama, na yi jinkirin faɗa, kuma na faɗa kafin a yanka, alhali da na yi shiru ba mai ganewa. Ya ninke ta ya ce zai ƙara mini wata uku na gwaji. Bayan wata ukun aka riƙe ni. Har yau ba na sa alama a kan abin da ake iya cirewa.

Maganar ranar Litinin kuwa ban samu bakin zarenta ba. Na yi ta juya ta. Mai yiwuwa Gwaggo ta rikice da kwanaki, ko ta yi niyyar juyawa ranar Asabar warin ya kore ta kafin ta gama. Mai yiwuwa akwai makulli na uku da ban sani ba. Na taɓa tunanin ko girgizar firij ce, sai dai na ga audugar da idona ranar da muka buɗe, a matse take. Ban sake tambayar Gwaggo ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar Juma'a ta ukun, da muka gama, ana ta dawowa daga masallaci. Daktora ta tafi kawo mota ƙofar baya, ta bar ni da robar a hannu. Gwaggo ba ta aiki ranar Juma'a, amma sai ga ta a inuwar bango da baƙar abayarta, wai ta zo ɗaukar wani abu da ta manta. Ta tambaye ni ina za a kai shi. Na ce Jidda. Ta kalli hanyar da ta miƙe yamma, ta kalli wajen Harami.

Motar ta tsaya, Daktora ta buɗe mini but daga inda take zaune. Na sa robar a tsakanin tawul biyu don kada ta gangara. Mun mayar da murfin daidai, kibiya a kan goshi. Na juya robar har kibiyar ta nuna bayan mota, inda Harami zai kasance in an kama hanyar Jidda, na tokare ta da kyau, na rufe.